Makarantar Ɗinkin da Na Zaɓa da Kunne

Shekarar da anka sake buɗe iyaka, damanar da katangarmu ta faɗi, jikata Rabi ta nace sai ta koyi ɗinkin yayi a Ƙonni. Na ce ni zan zaɓa mata makaranta. Ni da na aurar da 'ya'ya shida, wa zai gwada min tufa?

Munka tafi, maƙwabta sunka raka mu. Makarantar farko mun iske ɗalibai shiru, suna yankan takarda. Na ce, "Mi a wannan? Wasan yara?" Munka fita.

Gaba kaɗan na ji kekuna na ruri bayan wata katanga. Rabi ta ce, "Inna, mu dai leƙa."

"Rufe min baki, kunnena ya gani!"

Ban ko shiga ba. Nan bakin ƙofa na damƙa ta ga matar da ke da wurin, na ce a koya mata duk abin da suke yi.

Sun ko koya mata. Buhunan albasa suke ɗinkawa.

Cikin waɗanda sunka raka mu, Hajiya Kulu maƙwabciyata kaɗai ta rage da rai. Kowace sallah sai ta aiko min da tsohon buhu, wai a fitar mata da wuya.