Yadda Za Ka Tashi Jirgin Da Ka Jingine, Ka Kuma Saka Ɗana A Ciki

Kai mai kamfanin jirgi, na ji za ku dawo da tsofaffin jiragen nan masu fin sauti gudu. Ɗana Sunusi yana aiki a ofishinku na Birmingham, shi ya zo gidana a unguwar Longsight ya karanta min dalilanku ina wanke-wanke. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ko tukunya ka sa wa fiffike mutane za su hau.

1. Kada ka ce tsoho ne

Ka ce "tarihi". Ni ma injin wankina da ya mutu tun bara tarihi ne, yana nan bayan gida, zo ka ɗauka.

2. Ka ce lokaci

Wai Amurka a awa uku da rabi. Madalla. Ni awa ɗaya nake yi a waya kafin GP, likitan unguwarmu, ya ɗauka, ban mutu ba. Sai ka samo masu sauri, waɗanda ba sa iya jiran shinkafa ta nuna.

3. Dalilin ajiye shi da farko

Wannan ka tsallake. In an tambaya ka yi tari, ka ce an sake fenti.

4. Ka yi ta alfahari da gudun

Na ce, "Sunusi, ya fi sauti gudu?" Ya ce, "Ninki biyu, Umma." Na ce, "To in ka yi addu'ar tafiya, ita tana baya kai kana gaba kenan? A ina za ta cim maka?" Ya ce ba haka kimiyya take ba. Digiri biyu, amsa ko ɗaya babu.

5. Maganar rana

Nan kuka gama da ni. A takardarku, da manyan baƙaƙe: in an tashi bayan magariba, jirgin zai kamo rana, fasinja su ga ta fito daga yamma. Yaron yana karantawa yana murmushi! Na ajiye cokali. Na ce, "Innalillahi! Sunusi, rana daga yamma alamar mene ne?" Abin da muke neman tsari da shi, ranar rufe ƙofar tuba, shi kuka buga a talla da hoton kofin shayi.

6. Ka cika kujeru da 'ya'yan mutane

Kada ka sa naka. Ka zaɓi ma'aikaci mai ladabi, ka ce an karrama shi da tashin farko. Sunusi har ya sayi sabuwar kwat.

A ƙarshe, ni ba ruwana. In jirginku ya tashi, ku da Allah. In kuma kujera ɗaya ta tashi babu kowa, fasfo ne ya ɓata. Ba na ƙarya, don haka kada a tambaye ni. Kuma buhun shinkafar da ke kicin ɗina, wanda ya taɓa ban yafe ba.