Ranar da Liman Ya Shinshini Bakina

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa da ɗaurin auren ƙanena Sule a Damari ba.

Lokacin kuɗin fetur sun shigo ƙasa, ni kuma ina malamin firamare a Ƙanƙara. Na sayi babur, na yar da asuwaki don na ƙauyawa ne, na kama shan shayi da madarar gwangwani da sukari kamar gobe za a hana. Ba a daɗe ba turmin haƙorina ya yi rami.

Baffanmu ya tafi aikin Hajji (a shekarun can kowa ma tafiya yake), sai aka ce ni ne wakilin ango. Uban yarinyar, Alhaji Mamman, da ƙyar ya yarda da auren, don ya ji an ce 'yan boko na shan giya. Ya rantse ko warinta ya ji a danginmu, an fasa.

Da safen ranar haƙori ya tashi. Goggona Hajiya Abu ta miƙo mini 'yar kwalbar man kanumfari.

"Ɗigo guda bisa auduga, ka ji ko? Yana kashe tsutsar haƙori."

"Hajiya, ba tsutsa ba ce, ƙwayoyin cuta ne," na gyara mata. Wai ni mai ilimi.

Ta ce, "Ko mi ne ne, ɗigo guda."

Amma a zamanin da komai sai an yi shi da yawa, ina ni ina ɗigo guda? Muna isa bakin gari na tuntsura rabin kwalbar a baki. Ciwo kam ya ɗauke. Sai dai ya tafi da harshena da leɓena.

Aka zauna a ƙofar gida, ga dattawa, ga goro. Liman ya ce wakilin ango ya nema. Na gyara babbar riga, na buɗe baki zan ce ina nema wa Sule auren Hauwa. Abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Na sake, ya fi na farko muni. Idona ya yi ja, hawaye na zuba, miyau na dalala a kan aikin rigar ban ma sani ba.

Alhaji Mamman ya miƙe tsaye.

"Ai na hwaɗi! Yaron ga a buge yake. Ban ba da ɗiyata!"

Na dubi Sule, ya sunkuyar da kai. Tsoro ya kama ni, don aurensa ne zai mutu a bakina. Na so in rantse, harshe ya ƙi.

Liman ya yafuto ni. "Matso, Malam. Hura mani."

A gaban duk mutanen Damari na durƙusa na wangale baki, dattijo ya kawo hanci ya shinshina. Ya yi atishawa.

"Alhaji, zamna. Wanga ba giya ba ce, kanumfari ne. Yaji ne aka yi wa mutum."

Aka tuntsire da dariya, har da Alhajin. Wani maƙwabci ya karɓi wakilci aka ɗaura, ni kuwa ina gefe ina share haɓa.

Haƙorin dai daga baya cire shi aka yi. Na koma wa asuwakina, kuma in tsohuwa ta ce ɗigo guda, ba na gyara mata magana. 'Ya'yan Sule sun girma, har yau Baba Yaji suke ce mini.