Kujerar da Ta Kasa Tsare Wurin Mota

Duk lungunmu a Napoli babu wanda Allah ya yi wa ƙwaƙwalwa irin Ottavio Cacace. Shi ya faɗa mana da bakinsa, mu kuwa su wa da za mu musa? Ya yi karatun zane a Milano, ya dawo da jan tabarau da gyale a wuya, ko da rana na narka kwalta. Sarkin Lissafi muke ce masa, yana amsawa har da ɗaga hannu.

Abin da ya ƙera kuwa sai wanda ya gani. Ƙarfe guda ya murɗa ya haɗe bakinsa, ba gaba ba baya, ba sama ba ƙasa, kamar taliyar da ta kwana a tukunya.

"Jahili ne kawai ke kiran wannan kujera," in ji shi. "Lissafi ne ya miƙe tsaye. Zama ai aikin ragwaye ne."

To, wata Madam Brivio ce ke zaɓen kayan da za a kai babban baje koli na Milano, kuma mutum ɗaya tak za ta ɗauka a garinmu. Ta ce za ta biyo ranar Lahadi da motarta. Tun daga ranar Sarkin Lissafi ya daina amsa gaisuwar talaka.

A lungunmu, in kana jiran baƙo mai mota, kujera kake ajiyewa a bakin titi, kuma ba mai taɓa wurin. Ranar Lahadi mahaifiyarsa, Donna Nunzia, ta ga duk kujerun gida an jera su a teburin abinci. Baiwar Allah sai ta jawo lissafin ɗanta ƙiii, ta dasa a titi.

Don Mimi mai kifi ya iso da a-kori-kurarsa, ya ture abin da ƙafa, ya gyara fakin.

Sarkin Lissafi ya sauko a guje, gyale na tashi. "Don Mimi! Ba ka ga kujera ba?"

"Wace kujera, Injiniya? Ni na ɗauka ƙashin babur ne aka yar. Ai kai ka ce ba kujera ba ce."

"Ya faɗa! Mun ji shi!" Mata suka amsa daga tagogi.

"Kujera ce, wallahi! Kujera kamar ta kowa!"

"To zauna mu gani. In ka zauna, na janye motata."

Tirƙashi. Ashe bai taɓa gwadawa ba. Ya zagaya yana neman inda ake sa ɗuwawu, ya zaɓi wani lanƙwasa, ya saki jiki. Sai suuu, ya zurma ciki, gwiwoyi a kunne, takalma na kallon sama. Aka ja, aka zuba man zaitun, aka shafa sabulu, ko gezau. Ni dai dariya har da hawaye, Allah ya yafe mini.

Don Mimi ya ce wannan faɗawa ce ba zama ba, motarsa na nan daram.

Ana haka wata baƙar mota ta tsaya tsakiyar titi, na baya suna ta zabga mata oda. Madam Brivio ta sauke gilashi.

"Don Allah, nan ne gidan mai zane Cacace?"

Daga tsakanin gwiwoyi wata 'yar siririyar murya ta fito: "Ba ya nan, Madam. Ya yi tafiya."

Donna Nunzia ta goge hannu da zanen girki, fuska cike da alfahari.

"Kai, ɗan nan da kunya! Ga shi nan a cikin ƙarfen, Madam. Ɗana ne, shi ya ƙera da kansa."