Maganin Kaji a Ƙafar Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da aka sa ni karanta takardar magani da ƙarfi a gaban surukaina.

Ni kayan babur nake sayarwa a Malanbil, kan hanyar gada. Na yi lakwal, wato boko, har aji uku na kwaleji kafin in gudo, kuma wannan ɗan Faransancin da na tsira da shi ya sa duk wanda aka rubuta wa magani a unguwarmu ni yake kawo wa takardar. Tun ina karantawa kawai har na fara ƙari da nawa. Aka soma kirana Lokotoro, wato dokta, da wasa, ni kuwa na riƙe abin da gaske. Ina da wani gwangwanin biskit da nake tara ragowar magunguna a ciki, na gidana da na maƙwabta (wanda ya warke bai ƙarasa shan nasa ba, ni nake gadonsa).

Surukina, Baba Isaka, manomin shinkafa ne a Garu, dattijo mai ƙarancin magana. Wata damina muka je sunan jikarsa, ni da matata Hajo, na tarar da shi zaune kan tabarma ya ɗaure ƙafa da tsumma. Ƙarfe ya taka a cikin ruwan gona. Ƙafar ta kumbura, babban yatsan ya yi ja. Ɗansa Musa ya ce washegari zai kai shi likita, wato asibiti.

Da na yi shiru, da an kai shi. Amma tsakar gida cike take da dangin matata, kuma shekara shida ina neman abin da zai sa su daina ganina a matsayin mai sayar da taya.

"Wanga ai ba sai an tahi likita ba," na ce. "Ku bar min shi."

Kashegari na komo da gwangwanina ɗaure a bayan babur. Na ba shi ƙwayoyi shida masu kai ja, ragowar maganin haƙorin Hajo, na ce ya sha ɗaya safe ɗaya marece. Sannan na kwance tsumman na barbaɗa wani garin magani rawaya a kan ciwon. Gara in faɗi gaskiya tun nan: na san garin na kaji ne. A kasuwar Gene na saye shi lokacin da kajin gidana ke mura. Sai dai sunan da ke jikin ledar ya yi kama da sunan wani maganin mutane da na sani, na ce a raina ai ƙwayar cuta ba ta san kaza ba, ba ta san dattijo ba. Na naɗe ledar ta yadda hoton zakaran da ke jiki ba zai fito ba, na bar musu ita.

Kwana uku kumburin ya ɗan saɓe. Surukata ta aiko min da kwaryar shinkafa, aka ce mijin Hajo hannunsa na da albarka. Na yi ta tafiya a kasuwa kamar ni na gina ta. Da Musa ya kira ya ce ƙafar ta fara wari, na ce masa dattin ne ke fita, a ƙara barbaɗawa.

Rana ta tara aka ɗauko shi a mota, jikinsa zafi kamar garwashi. Na iske su a likita, surukata da Musa da ƙannen Baba biyu da Hajo, duk sun cika ɗakin. Majo, wato babbar ma'aikaciyar wurin, wata mace ce doguwa mai gilashi, Dandanci take yi da Hausa kaɗan. Ta buɗe ƙafar ta daɗe tana dubawa. Yatsu biyu sun yi baƙi.

"Mi kuka sa mishi?" ta ce.

Musa ya ciro ledar daga aljihu ya miƙa mata. Ta warware naɗin da na yi, zakara ya bayyana, ja, da ƙirjinsa a gaba.

"Wa ya iya karatu a cikinku?"

Kowa ya juyo ya dube ni, da alfahari ma (surukata har ta ɗan turo ni gaba). Majo ta ba ni ledar ta ce in karanta layin ƙasa in fassara wa mutanena. Na karanta da Faransanci a hankali, ina fata ta bar ni a nan. Ta tsaya tana jira.

"An ce... na dabbobi ne kaɗai," na ce. "Kaji da zabi."

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi, da ya fi min sauƙi. Majo ta duba takardar ƙwayoyin, ta nuna min kwanan da ke jiki, sun lalace tun bara. Ta ce ko da masu kyau ne, guda shida ba sa kashe cuta, koya mata taurin kai suke yi. Ta ce Baba na da ciwon suga, mai irin wannan ciwo kuwa ko ƙaya ya taka ba a kwana da shi a gida. Sannan ta tambaya wa ya ba da maganin.

Kafin in haɗa kalma ɗaya, Baba Isaka ya yi magana daga kan gado, idonsa a rufe.

"Ni na saye shi da kaina, ɗiyata. Tsuhwa ce."

Duk wanda ke ɗakin ya san ba haka ba ne. Majo ma ta sani, don ni ta duba, ba shi ba. Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita. Ni kuwa na tsaya da ledar a hannu, na bar dattijo mai zazzaɓi ya yi ƙarya don ya rufa min asiri, ban ce uffan ba. Wannan shirun ya fi zakaran ci min rai har yau.

Aka tura mu babban asibitin Kandi, aka cire yatsun nan biyu. Likita ya ce da mun ƙara kwana biyu, ƙafar ce za ta tafi. Baba bai ƙara shiga ruwan gona ba, Musa ke noma yanzu, shi yana zaune bakin kunyar gona da sanda yana nuni.

Bayan wata biyu na je na durƙusa na ce, "Baba, ku gahwarce ni, ni na cuce ku."

Ya ce, "Tashi, Malam. Kai ka ba ni, amma ni na sha." Sai ya tambaye ni ko tayar baya ta yi arha, ta Musa ta suɗe.

Abin da na koya ba shi da yawa. "Ban sani ba" kalma uku ce, yaro ma ya iya ta, ni sai da na kai shekara arba'in na koye ta, kuma da yatsun wani aka biya min kuɗin makarantar.