Injin Numfashin Kaka Ya Yi Shiru

"Sannu da dawowa, amarya. Ina saƙona?"

"Yauwa, sannu da kwanciya, ango mara haƙori. Saƙonka ya riga ka zuwa lahira."

Jikar ta zube a kan kujera tana cire takalmi. Tun da hantsi kakanta ya aike ta kasuwar 'yan kayan lantarki, wai ta nemo masa ƙwan rediyo irin na da, wanda sai ya ɗau zafi kafin murya ta fito. Ta bi rumfa-rumfa ana yi mata dariya, har wani mai shago ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana goye.

Mai Rediyo ake ce wa tsohon a unguwa. Hayaƙin dalmar da ya yi ta shaƙa a shagonsa mara taga shi ya cinye masa huhu, yanzu ga shi a jingine da filo, roba a hanci, injin numfashin da asibiti suka ba shi aro yana gurnani a gindin gado. Ita kuwa gobe za ta tafi. Wani kamfani mai zana allunan lantarki na motoci ne ya ɗauke ta aiki a gari mai nisa, kuma sun faɗa mata ba ɓoye-ɓoye, in ba ta bayyana a farkon mako ba wani za su ba gurbin.

Ko tausayin ƙafarta bai ji ba. Ya shiga lissafa mata abokan karatunta: wannan yana hawa ƙarfen sabis kamar biri, wancan yana shimfiɗa sola a rufin mutane, waccan tana gyaran injinan asibiti, duk masu amfani. Ita kaɗai ce ta zaɓi zama gaban kwamfuta tana zane.

"Injiniyar da ba ta taɓa ƙona yatsa ba. Ko ƙwan rediyo kin kasa sayowa."

"Kai da rabin rediyon unguwar nan da mari ka gyara su?"

"Marina ya fi digirinki. In na mari rediyo, har labaran gobe take faɗa."

"Shi ya sa duk suka kurumce, suka bi ka."

"Ni na kurumce? Ina jin bugun zuciyar saurayinki daga nan, tsorona yake ji."

Ta ce ai ba sai ya damu da kishiya namiji ba, don tana tunanin ta haƙura da tafiyar. Asibitin da ke bayan layinsu suna neman mai kula da injina, sai ta riƙa leƙo shi kullum tana ganin ko ya cika. Da wasa ta faɗa, amma ba wasa ba ne, kuma ya sani. Ya ce Allah ya tsare shi da mace mai zaman gida, ya juya fuska bango yana tari.

A cikin tarin nan ne ta ji warin. Duk wanda ya tashi a shagon gyara ba ya kasa gane warin dalmar da aka narka. Ta duba ƙarƙashin gado, ga ƙarfen liƙinsa na da, da ta kai hannu kusa sai ta ji da sauran ɗumi. Sai ta tuna da safe injin ya yi ƙara sau ɗaya, tsohon ya ce wayar maƙwabci ce, nan take kuma ya ƙirƙiro aike.

Ta durƙusa gaban injin. An liƙa baƙin salatif a kan wata 'yar fitila, da ta ɓare sai ga ta ja wur. Kusoshin murfin duk sun sha gwaguya, aikin hannu mai rawa. Ta buɗe, ta tarar da wayoyi biyu suna lilo inda aka cire ƙararrawar gargaɗi. Ta san ma'anar jar fitilar: iskar da injin ke ba shi ta yi ƙasa, tun safe kusan iskar ɗaki kawai yake shaƙa. Ta dubi leɓensa, sai yanzu ta ga yadda suka yi duhu.

"Kaka, ina ƙararrawar?"

"Ɓera ya ci."

"Ɓera mai ƙarfen liƙi?"

"Ɓerayen gidan nan duk ni na koya musu sana'a. Sun fi ki hannu."

"Ɓarawon tsoho. Kayan asibiti ka yi wa fashi, ka tura ni yawon banza a rana."

"Surutu ya dame ni. Mace ɗaya mai baki ta ishe ni a ɗakin nan."

Ta ajiye murfin a ƙasa. Ta san lissafinsa sarai. In injin ya yi kuka gwaggonta za ta ji daga tsakar gida, a kwashe shi a mayar asibiti, ita kuma ba za ta hau mota ta bar shi a gadon asibiti ba. Haushi ya kama ta, tausayi ya fi haushin yawa.

Ya zaro hannu daga ƙarƙashin bargo a dunƙule. Ya ce ƙararrawar tana ciki, amma ba kyauta ba ne. Ta ce za ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, dama ba ƙarfi gare su ba. Ya ce ta gwada, sai ya sake cirewa da ta juya baya, ai shi da sukurdireba mutuwa ce za ta raba su. Wannan kam gaskiya ya faɗa.

"Ki ce za ki hau motar gobe, ko ina gida ko ina asibiti. Ni na ƙare a shago mara taga. Ke ba za ki ƙare a gindin gadona ba."

"In na tafi wa zai riƙa zaginka?"

"Ki bugo waya ki zage ni. Ki faɗa, 'yar nan, numfashina ba shi da yawa."

Ta daɗe tana kallon dunƙulen hannun, jijiyoyi duk sun fito. Ta san in ta tafi da wuya ta sake samunsa, shi ma ya sani.

"Zan hau."

Ya buɗe tafin. 'Yar baƙar aba ce kamar maɓallin riga, ta jiƙe da gumi. Ta jona ƙarfen, ta kashe injin na ɗan lokaci, ta liƙa wayoyin biyu tana share ido da kafaɗa, shi kuwa yana leƙe yana cewa dalmar ta yi yawa. Tana kunnawa injin ya tsala kuka, suka ji faɗuwar kwano a tsakar gida da gudun gwaggo.

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya kama hannunta ya riƙe.

"Kin ci, Injiniya. Liƙin ya yi kyau. Je ki haɗa kayanki kafin su zo su ɗauke ni."