Rasuwar Tsohuwa, Mai Ajiyar Kan Yaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni mai hoton bakin kasuwa nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Tsohuwa, kwamfutar shagona, tare da manhajar gyaran hoto da ke cikinta tun ina da gashi a ka. Ta cika jiya Talata da hantsi, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya ba ta da sauri, amma ba ta ƙarya sai an sa ta. Ta goge ƙuraje, ta cire tsofaffin mazaje daga hotunan biki, ba ta taɓa tona asirin kowa ba. Ban yi boko ba, ban san sunan maɓalli ko ɗaya ba. Mazauninsu na sani.

Babban aikinta kwat ne. Duk wanda ya zo hoton neman aiki da riga mai maiƙo, kwat ruwan ƙasa na marigayi Yayana muke sa masa a hoton. Hoto ɗaya Yaya ya ɗauka a duniya. Ruwa ya ci na takarda, saura na cikinta. Na yanka jikinsa daban, kansa daban. Akwai alamar wani ɗan ido a gefen allo. In na danna, kan Yaya ya ɓuya, in ɗora na mai neman aiki. In na gama in sake dannawa, ya dawo yana kallona. Wani lokacin nakan ce masa sannu.

Ciwon ya fara da tarin fanka, ƙirrr, sai ƙit. Jiya na ɓoye Yaya, na ɗora kan wani direba, allo ya yi baƙi. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya shinshina, ya ce, "Maigida, sai haƙuri. Ko hoton kaza ba zai fito ba."

'Yata ta ce manhajojin yanzu sun wuce nan, faɗa musu kawai ake yi. Na faɗa wa ta wayarta kamannin Yaya: doguwar fuska, wushirya, tabo a gira. Kafin in rufe baki ta kawo wani kyakkyawa, da wushiryarsa da tabonsa. Ban san shi ba. Kuma tun da na kalle shi, in na rufe ido shi nake gani, ba Yaya ba.

Marigayiya ta bar ni, ta bar firinta mai cin takarda. Ta bar mazaje barkatai a garin nan sanye da kafaɗun mamaci, ta hagu ta ɗan sauka. Ta kuma bar Inna, mahaifiyarmu, wadda ke zuwa duk Juma'a ta zauna a benci ta ce, "Kunna min shi."

Za a miƙa ta ga 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, gobe Alhamis bayan la'asar, a cikin kwalinta. Ba na son taro. Duk wanda ke da hotonsa da kwat ruwan ƙasa ya kawo in gani, zan mayar masa. Wanda ya haɗu da Inna kada ya yi mata gaisuwa, ba ta sani ba tukuna. Juma'a jibi ce.