Yadda Za Ka Sayi Motar Da Ba Ta Ɗaukar Dangi

Kai mai mota, wanda dangi suka hana wayarsa hutawa, ja kujera ka zauna. Alkawari na yi maka: ka bi matakan nan bi da bi, kafin wata ya mutu babu gwaggo, babu kawu, babu ƙanen matar yayanka da zai sake ce maka don Allah ka biyo ka sauke shi. A gidana aka gwada dabarar, a kan idona, kuma ɗan cikina ne ya gwada ta, wanda kowa ke kira Manaja, har ubansa. Kimiyya na koyar kafin in ajiye alli, ba na yarda da abu sai na ga an gwada shi. Wannan kam na gani.

Mataki na ɗaya: Ka san cutarka

Za a ce maka yawan dangi ne matsalarka. Kada ka yarda. Dangi ruwa ne, inda suka ga gangare nan suke bi. Cutarka kujeru.

Manaja yana da wata doguwar mota mai layin kujeru uku, but ɗinta kamar ɗakin ajiya. 'Yan'uwa suka raɗa mata suna Uwar Garke. Ta kai amare, ta ɗauko masu jego daga asibiti, ta kwaso akwatunan ɗalibai, ta taɓa ɗaukar firji da mai firjin yana rungume da abinsa. Duk mako kuma tana kai uban Manaja asibitin ƙashi, gashin gwiwa. Tsohon a gaba yake zama, an tura kujera baya, ƙafa a miƙe, sanda a tsakanin cinyoyi, yana nuna wa Manaja hanyar da Manaja ya fi shi sani. Su tafi suna musu, su dawo suna musu. A gida daga gaisuwa sai shiru. A motar nan kaɗai bakinsu ke buɗewa. Ajiye wannan a gefe, za mu dawo kansa.

An ce zumunta a ƙafa take. Na daɗe ina zargin wanda ya fara faɗin haka bai taɓa mallakar mota ba. Da ya mallaka, da ya san a tankin mai take, kuma tankin naka ne.

Mataki na biyu: Ka haddace karatun dillali

Nemi ƙaramar motar alfarma mai ƙofa biyu, irin ta tsere, wadda ke kwance a ƙasa kamar ƙadangare yana shan hantsi. Ja ta fi, don a hango ta daga nesa a fid da rai tun kafin a ɗaga hannu.

Dillali zai ce maka tana da ƙarfin doki ɗari uku, kuma daga tsaye takan kai gudun ɗari kafin ka gama atishawa. Ka gyaɗa kai. Kada ka tambaye shi a wane titi. Tsakanin gidan Manaja da ofishinsa akwai danja, akwai kasuwa, akwai makarantar firamare, ga tudun rage gudu a jere kamar kunyoyin gona. Kullum safiya dawakan nan ɗari uku a bayan mai baro suke tafiya, cikin ladabi. Idan an zo tudu sai a haye shi a karkace, kamar kaguwa, cikin motar na gurzar ƙasa, Manaja na yamutsa fuska sai ka ce nasa cikin ne.

Akwai wani maɓalli kusa da giya da ke ƙara wa salansar motar ruri. Ba ya fitar da kai daga cunkoso, amma yana sanar da maƙwabta ka fita, wanda a shekarunka shi ne muhimmi.

Mataki na uku: Ka fake da tsaro

Ba a cewa dangi an gaji da su. Idan an tambaye ka dalilin sayen wannan abu, ka saukar da murya ka ce tsaro.

Ka lissafa a hankali, kana ƙirga yatsu. Jakunkunan iska gaba da gefe. Birki mai taka kansa idan ka shagala. Kyamara a baya. Wata na'ura da ke yi maka tsawa idan ka kauce wa layinka, aikin da matarka ta yi shekaru tana yi ba ka gode ba. Sannan ka rufe da babbar hujja: masu gwajin karo sun ba ta taurari biyar.

Da Manaja ya kawo min wannan karatu, na tambaye shi yadda ake samun taurarin. Ya ce mutum-mutumi ake ɗaurewa a ciki a maka motar da bango, a duba ko ya karye. Na ce to, mutum-mutumin da kansa ya shiga ko saka shi aka yi? Da aka gama, da ƙafarsa ya fito? Yana da tumbi? Yana da gwiwar da ke ƙara idan hadari ya haɗu?

"Mama, ke dai komai sai kin mayar da shi aji," in ji shi.

Koyi wannan amsar. Tana rufe bakin uwa, na ɗan lokaci.

Kuma a yi masa adalci: motar da ba ta ɗauki 'ya'yanka ba, ba za ta taɓa ji musu ciwo ba. Ina tsaron da ya wuce wannan?

Mataki na huɗu: Tsohuwar motar, kada ka sayar

Wawa ne ke sayarwa, a ce ya yi don gudun mutane. Kai ka wanke ta, ka tara yara a matsayin shaidu, ka damƙa wa matarka makulli ka ce kyauta ce. Za ta yi murna, har ta kira 'yan'uwanta ta faɗa musu. Da bakinta za ta yi shelar. Surukata, matar Manaja, baiwar Allah, ba ta gane abin da aka ba ta ba sai da wayarta ta fara zafi. Dangi makulli suke bi, ba ruwansu da hannun da ke riƙe da shi.

Mataki na biyar: Kada ka taɓa cewa a'a

Duk wanda ya roƙe ka, ka ce ai ba komai, ka buɗe ƙofa da fara'a, ka kifa kujerar gaba ka nuna masa ramin da ke baya. Masu ƙera motar sun kira wurin kujeru, kai ma haka za ka kira shi.

Ka fara da wanda ya fi kowa baki. Manaja da gwaggonsa ya fara, ƙanwar ubansa, mace mai jiki, mai jaka biyu ko'ina za ta. Ta cusa kai da ƙafa ɗaya, sauran jikin ya ƙi bin su. Ta daɗe a haka, rabi a ciki rabi a waje, kafin ta janye tana haki ta tambaye shi ko nan wurin ajiye takalma ne. Ya ce bari a sa jakunkunan a but tukuna. But ɗin ya karɓi ɗaya ya ƙi ɗaya. Ya ce mata kuma kujerar gaba tana ɗumama mazauni idan ana so. Da tsakar rana ne, gumi na bin wuyanta. Ta kalle shi kallon da ake wa wanda ake shirin yi wa addu'a, ta tari tasi.

Kafin yamma labari ya kai inda rediyo ba ya kaiwa. Daga nan aikinka ya ƙare, saura mutum ɗaya.

Mataki na shida: Ubanka

Wannan shi ne mai wuya, domin shi ba ya kira.

Ranar gashin gwiwar uban Manaja surukata ta kawo Uwar Garke har bakin ƙofa, ta durƙusa ta gaishe shi. Amma shigar tsohon mota ba ta mutum ɗaya ba ce. Sai an tallafe shi a ƙugu, an sa hannu ƙarƙashin cinyarsa an ɗaga ƙafar an shigar. Ya dubi matar ɗansa, ya dubi ƙafar, ya ce yau dai ya ji sauƙi, Allah ya yi mata albarka. Mako ya zagayo, ya sake jin sauƙi. Manaja ya ce zai riƙa turo tasi. Tsohon ya ce shi ba saƙo ba ne da za a ba direba.

Bai fasa sa rigar fita a ranar ba. Yakan zauna a baranda da sandarsa tun da safe, katanga ɗaya ce tsakaninmu da Manaja, har sai ya ji rurin salansa ya wuce, sannan ya koma ciki ya cire rigar. Gwiwar kuwa tana ƙara sandarewa, har tsallake dokin ƙofa ya zama sai an yi shawara. Mai gashin ya aiko cewa idan aka ci gaba a haka, keken guragu za a fara nema.

Ga abin da za ka yi: kada ka leƙa barandar. Ka kira a waya daga ofis ka ce, Baba, yaya ƙafa? Zai ce da sauƙi. Da kalmar nan aka gina iyaye maza. Ka yarda da shi, ka aiko da man zafi. Idan uwarka ta yi magana, ka ce ba ƙi ka yi ba, motar ce ƙasa take, ba zai iya shiga ba. Kuma gaskiya ka faɗa, wannan shi ne kyawun dabarar.

Mataki na bakwai: Idan tsohon ya nace

Wata safiya Manaja ya fito da jakar ofis ya tarar da ubansa tsaye jikin jar motar, da rigar fita, yana dogare da sanda. Ni na san lokacin da ya ɗauka kafin ya isa wurin, don a bayansa nake, kuma ya hana ni riƙe shi.

"Manaja, buɗe. An ce taurari biyar gare ta. Ni ko ɗaya ban taɓa hawa ba."

"Baba, za ka wahala."

"Wahalar tawa ce ko taka?"

Idan ka kai nan, ba sauran dabara, sai ka buɗe. Ka juya shi ya ba motar baya, ka riƙe hannuwansa, ka riƙa sassautawa har ya faɗa kujerar kamar guga a rijiya. Ka naɗe ƙafar ka shigar, ka ɗaura masa bel, sandar kuma ka nema mata wuri a kujerar baya, ita kam ta dace da wurin.

Ban bi su ba, tunda ba a yi bayan motar don mai ƙashi a jiki ba. Amma na ji labarin daga bakin kowannensu, na tace ƙaryar da ke ciki. Da suka hau miƙaƙƙen titin da ke kaiwa asibiti, tsohon ya ce a taka ya gani. Manaja ya taka totur, kujera ta manne musu a baya, tsohon ya tuntsire da dariya ya ce ashe dawakan da gaske ne. Yana gama dariyar ya ce amma ba ta nan ake bi ba. Suka yi ta musu har ƙofar asibiti.

Ka yi hattara da wannan wurin. Kana iya jin daɗi, duk wahalarka ta tashi a banza.

Mataki na takwas: Fita

Babu dillalin da zai koya maka wannan, kuma ba ya cikin gwajin taurari. Ɗan aji ɗaya ya san abin da ya gangara ƙasa da kansa, sai da ƙarfi ake dawo da shi sama.

Manaja ya sunkuya, ya sa hannuwa a hammatan ubansa, ya ja da bayansa, mutumin da ya yi shekaru bai ɗaga abin da ya fi biro nauyi ba. Bayan nasa ya ce ƙas. Ya tsaya a nan a sunkuye, goshinsa a kafaɗar tsohon, ba gaba ba baya. Jakar iska ko ɗaya ba ta fito ba. Birki mai taka kansa bai ga abin takawa ba. Kyamara na kallon katanga. Motar dai ta yi iya ƙoƙarinta, ta yi ta ƙara tana sanar da su cewa ƙofa a buɗe take.

"Kada ka motsa, Manaja," in ji tsohon. "Na riƙe ka."

Keken marasa lafiya biyu aka turo.

Likita ya hana Manaja tuƙi, ya hana shi zama a duk abin da ya yi ƙasa, ya rubuta masa gashi a ɗaki ɗaya da ubansa, rana ɗaya. Yanzu duk mako surukata ce ke jan Uwar Garke, su biyun a layin tsakiya, Manaja na ɗaga wa ubansa ƙafa a hankali yana cije leɓe, kowannensu na nuna mata hanya daban. Jar motar na ƙarƙashin tampol, kyanwa na barci a kanta. Kuma ka lura, babu ɗan'uwa ko ɗaya da ya ƙara roƙon Manaja ya sauke shi. Na cika alkawarina.

Gwiwar tsohon ta fara lanƙwasuwa. Surukata ta ce makon jiya ta ji ya ja mai gashin gefe yana raɗa masa cewa kada su yi gaggawa da bayan yaron nan, baya ba abin wasa ba ne, a bi shi a hankali ko da zai kai baɗi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba likita ba ce, ba makanike ba ce, ba ta kuma taɓa sayar da mota ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa bayansa, ko gwaggonsa, ko fara'ar matarsa, shi ya jiyo, babu hannuna babu ƙafata. Wanda kuma ya bi su ya tsinci kansa kusa da ubansa a kujera ɗaya, kada ya gode min, ba nufina ke nan ba. Ba na karɓar ƙorafi a waya. Idan dole sai an zo gida, a zo da mota mai ƙofa huɗu, ni ma akwai inda nake son zuwa.